Yadda ake ɗinka fasfuwal a matashin kujera da wuyan riga

Fasfuwal shi ne siririyar igiyar nan da ake lulluɓewa da ƙyalle, a cusa ta tsakanin yadi biyu, ta fito a bakin ɗinki tana zagaye matashin kujera ko wuyan riga. Telolin da suka koyi aiki a Najeriya faifin suke ce masa. Da yawa suna ɗaukarsa ado ne kawai, alhali aikinsa ya wuce haka. Bakin matashi shi ne wurin da ya fi shan gogayya, nan yara ke jingina, nan ake kamawa a ja. Idan akwai igiya a wurin, ita ke karɓar wahalar, zaren ɗinki ya huta, matashin kuma ya riƙe siffarsa ko bayan ya sha wanki.

Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, sau uku keke ke bi ta jikin fasfuwal, kuma kowane layi ya fi na gabaninsa matsowa kusa da igiya. Na farko yana rufe igiyar a cikin ƙyallenta, na biyu yana manna ta a jikin yadi, na uku yana haɗa yadin biyu, shi ne kuma ke ɓoye sauran. Yawancin fasfuwal ɗin da za ki gani da zare a waje, ko yana lilo a bakin matashi, an matse layin farko ne har na uku ya rasa wurin bi.

Abin da za ki tanada

Ba sai da keke na musamman ba. Butterfly na ƙafa yana yi, tsohon Singer yana yi, Juki na shago ma haka. Abin da ba makawa shi ne ƙafar zif, wato siririyar ƙafar nan mai yatsa ɗaya da ke barin allura ta sauka dab da gefe. Ƙafar keke ta kullum tana da faɗi, za ta hau kan igiyar ta hana ki matsowa. Akwai kuma ƙafa mai rami a ƙasanta da aka yi don wannan aikin, igiya na bi ta cikin ramin. Tana sauƙaƙa aiki, sai dai kowace da kaurin igiyar da take ɗauka, don haka ƙafar zif ta fi amfani ga mai ɗinki iri-iri.

Allura lamba 80 ko 90 ta ishe ki a atamfa da shadda. Yadin kujera mai kauri kuwa sai 100 ko 110, domin a layi na uku ninki huɗu allurar ke hudawa, a mahaɗa ma ya fi haka. Sai alli, rula, almakashi mai kaifi har tsininsa, fil, da dutsen guga.

Igiya ita ce ƙashin aikin. Ta riga kada ta wuce milimita 2 zuwa 3 a kauri. Matashin kujera yana son 4 zuwa 6. Ta auduga ta fi laushi, ta fi kuma bin kwana, amma tana tsukewa idan ta sha ruwa. Ki jiƙa ta cikin ruwan zafi, ki shanya ta bushe sarai kafin ki taɓa ta da almakashi. In ba haka ba, wankin farko za ta janye, bakin matashin ya tattare, kuma babu gugar da za ta miƙar da shi. Ranar Yamai ba ta ɗaukar lokaci wajen busar da igiya, don haka babu dalilin tsallake wannan. Igiyar roba ba ta tsukewa, amma tana da santsi, kuma dutsen guga na gawayi idan ya yi zafi sosai yana iya narkar da ita daga cikin ƙyallen.

Masu kayan ɗinki a Babbar Kasuwa da kasuwar Wadata a Yamai suna sayar da fasfuwal ɗinkakke, ana auna miki da mita. Idan kin sami launin da ya dace, ki saya, ba laifi. Ni dai na fi son wanda aka yanka daga yadin aikin ko daga abokinsa, domin na kasuwa siriri ne, launukansa kaɗan, kuma sau da yawa ƙyallensa mai sheƙi ba ya zama da atamfa.

Idan launin fasfuwal ɗin ya bambanta da na rigar, musamman rinanniyar shadda a jikin farin yadi, ki gwada zubarsa. Ki jiƙa ɗan guntu, ki murza shi a farin ƙyalle. In ya bar launi, ki wanke shi har ruwan ya fito fes, ko ki canza yadi. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi wannan hali.

Yanka ƙyallen a karkace

Nan ne masu gaggawa ke yin asara. Ɗauki guntun atamfa ki ja shi ta tsawonsa, ba zai motsa ba. Ki ja ta faɗinsa, zai ɗan ba da kai. Yanzu ki ja daga kusurwa zuwa kusurwa, za ki ji ya miƙe kamar roba. Saƙa zare biyu ce, na tsaye da na kwance, kuma a karkace ne kawai suke iya zamewa juna. Ƙyallen da aka yanka ta wannan hanyar shi ke iya lanƙwasa a kwana ba tare da ya tattare ba. Wanda aka yanka a miƙe zai yi kyau a hannu, amma da zarar ya iso wuyan riga sai ya yi ƙunci yana karyewa. A miƙen yana yiwuwa ne kawai inda babu lanƙwasa ko kaɗan, kamar bakin labule ko gefen zanin gado.

Don samun karkatar daidai, ki shimfiɗa yadin, ki ɗauko kusurwa ɗaya ki ninke ta har yankakken baki ya kwanta a kan bakin kamfani, inda ake buga sunan atamfa. Layin ninkin nan shi ne digiri 45. Ki danne shi da dutsen guga, ki buɗe, ki bi shi da alli, sannan ki ja sauran layukan a jere da shi.

Faɗin kowane tsiri ba a ƙiyasta shi da ido. Lissafinsa shi ne kewayen igiyar, a haɗa da rarar ɗinki, wato filin da ake bari tsakanin layin ɗinki da bakin yadi, sau biyu. Igiya mai kaurin milimita 3 kewayenta kusan santimita 1 ne. Idan rarar ɗinkinki santimita 1 ce, tsirin ya zama santimita 3. Igiyar matashi mai milimita 5 kewayenta ya ɗan haura santimita 1.5, rarar ɗinki kuma 1.5 sau biyu, sai ki yanka santimita 4.5 zuwa 5. Wadda ba ta son lissafi ta naɗa guntun ƙyalle a jikin igiyar, ta kafa fil dab da ita, ta auna rarar daga fil ɗin ta yanke, ta buɗe ta auna. Amsa ɗaya za ta samu.

Tsawo kuma: matashi mai santimita 45 kowane gefe kewayensa 180 ne, ki ƙara 10 na mahaɗa, ya zama 190. Idan na ɗakin amarya ne kina yin guda 6, kina bukatar wajen mita 11 da rabi. Kada wannan ya tsorata ki. Yadi mai santimita 80 tsawo da faɗi zai ba ki wannan idan tsirin na santimita 4.5 ne, har da ɗan abin da zai lalace a kusurwoyi. Sau da yawa ragowar turmi ta isa.

Wajen haɗa tsiri da tsiri, kada ki haɗa su baki da baki a miƙe, domin duk kaurin zai taru wuri ɗaya ya yi ƙulli a jikin igiya. Ki ɗora ƙarshen ɗaya a kan ɗaya fuska da fuska, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ki ɗinka daga kusurwa zuwa kusurwa. Ki rage rarar ta koma kamar milimita 5, ki buɗe ta da guga. Idan aka naɗe igiyar, mahaɗar za ta zagaya a karkace, da ƙyar ido zai kama ta.

Layi na farko

Kwantar da igiyar a tsakiyar bayan tsirin, ki ninke shi baki ya hau baki. Ki sa ƙafar zif, ki buɗe takun keke, wato tazarar da ke tsakanin huda da huda, zuwa milimita 3 ko 4, ki yi amfani da zare mai launin fasfuwal ɗin. Ki ɗinka kusa da igiya amma ki bar kamar milimita 2 tsakaninta da allura. Wannan ɗan filin shi kike ajiye wa layi na biyu da na uku.

Kada ki ja ƙyallen. Haƙoran keke suna jan na ƙasa, ƙafa tana tura na sama baya, kuma tun da yankan karkace ne, jan kaɗan ya isa ya sa ƙyallen ya murɗe a jikin igiya. Ki riƙa daidaita bakin biyu da yatsu, tafin hannu ɗaya a lokaci guda. Da kin gama, ki bi leɓen nan da ya rage da rula, ki tabbatar faɗinsa daga jikin igiya daidai yake da rarar ɗinkinki tun daga farko har ƙarshe. Inda ya wuce ki rage. Leɓen shi zai zame miki ma'auni a sauran aikin, idan ya karkace komai zai bi shi.

Layi na biyu, da maganar kusurwa

Shimfiɗa fuskar matashin tana kallon sama. Ki ɗora fasfuwal a kanta, bakin leɓe daidai da bakin yadi, igiya tana kallon tsakiyar matashin. Mai koyo kan ga kamar an juya abin, amma idan aka birkice matashin igiyar za ta fito waje. Ki fara daga tsakiyar gefen da zai zama ƙasa, kada ki fara daga kusurwa, kuma ki bar santimita 5 na farko a sake. Allura ta sauka tsakanin layin farko da igiya, gashi ɗaya kawai cikin layin farkon.

Idan kin kusa kusurwa, ki tsaya saura daidai faɗin rarar ɗinki, wato santimita 1.5 a misalinmu. Ki bar allura a cikin yadi. Da tsinin almakashi ki tsaga leɓen fasfuwal daidai wurin, har kusa da zaren farko, amma kada ki yanke zaren. Ki ɗaga ƙafa, ki juya yadin, ki lanƙwasa igiyar. Za ki ga tsagar ta buɗe ta yi ɗan murabba'i a kusurwar. Kafin ki sauke ƙafa, ki ɗan tura igiyar cikin kwanar da yatsa, ki ba ta sarari. Dalili shi ne, yanzu igiyar tana cikin kwana, hanyarta gajeriya ce, amma bayan an birkice za ta koma waje inda hanya ta fi tsawo. Idan kin ja ta a nan, kusurwar za ta ƙudundune ta leƙo sama.

Shawarata ita ce kada ki yi kusurwa mai tsini da igiya mai kauri. Ki ɗora bakin kofin shayi a kusurwar yadin, ki zagaye shi da alli, ki yanke.  A irin wannan kwana, tsaga uku zuwa biyar za ki yi a jere maimakon ɗaya, igiyar ta zagaya a hankali. Akwai kuma abin da ke sa matashi ya yi kunnuwa, kusurwoyinsa su miƙe fanko babu auduga a ciki. Maganinsa tun wajen yanka ne: ki shigar da kowace kusurwa kamar santimita 1, ki ja layi a hankali ya haɗe da gefe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. A shimfiɗe zai yi kamar ya karkace, da an cusa matashi kuwa sai ya fito murabba'i sosai.

Rufe zagayen

Saura santimita 5 ki iso inda kika fara, ki tsaya. Ki yanke fasfuwal ɗin ya zarce mafarin da santimita 3. Ki farke zaren layin farko a wannan ƙarshen, ki buɗe ƙyallen, igiya ta fito fili. Ki yanke igiyar kaɗai, daidai inda za ta yi karo da kan ɗayar, kai da kai, ba hawa ba giɓi. In ta auduga ce tana warwarewa, ki naɗe kawunan biyu da zare. Sannan ki kalmashe bakin ƙyallen da kika buɗe santimita 1 zuwa ciki, ki kwantar da mafarin fasfuwal ɗin a cikinsa, ki rufe, ki ɗinke ta kai. In an yi shi da kyau, ɗan layin ninki kawai za a gani.

Akwai hanyar gaggawa, inda ake gitta kawunan biyu a sauke su cikin rarar ɗinki a bi ta kansu. Tana yi a wurin da ba a gani, kamar bayan katifar kujera da ke jingine da bango. A matashin ado ba na son ta, domin tana barin ɗan lotsawa da ido ke zuwa kai tsaye.

Layi na uku

Kafin nan ki gama da bayan matashin. Sa zif a jikin fasfuwal aiki ne mai wuya, kuma babu abin da ya tilasta shi. Ki raba bayan gida biyu, ki sa zif ɗin santimita 5 ko 6 sama da gefen ƙasa, ko ki yi baya mai hawa kan juna ba zif. Ki buɗe zif ɗin rabi kafin ki rufe zagaye, in ba haka ba ba ki da ƙofar birkicewa.

Ki haɗa gaba da baya fuska da fuska, ki kafa fil. Ki sa aikin a keke gefen da ke da layi na biyu yana sama, domin shi ne jagoranki. Ki mayar da taku milimita 2.5 zuwa 3. Yanzu ki matso iyakar matsowa: allura ta bi tsakanin layi na biyu da igiya. Ba kya ganin igiyar, amma kina jin ta. Ki sa farcen babban yatsa ki riƙa danna yadi a jikinta gaban ƙafar keke, tudunta zai fito, gefen ƙafar ya riƙa gogar tudun. A kwana ki rage gudu, in ta kama ki juya keken da hannu taku-taku, don a nan ne allura ke hawa kan igiya ko ta yi nisa da ita.

Ki birkice ki duba kafin ki rage komai. Duk inda tsohon zare ya leƙo, ba sai kin farke ba, ki mayar ki sake bin wurin kusa. Inda allura ta cije igiya kuwa dole a farke. Idan komai ya yi daidai, ki rage rara a kusurwoyi, ki bi bakin da zigzag don kada ya zare. Rigar matashi ta fi kyau idan ta gaza matashin da santimita 1 ko 2, ta cika ta yi tam.

Katifar kujera mai gefe zagaye biyu take ɗauka, sama da ƙasa. Abin lura a nan shi ne kusurwoyin sama su zauna daidai kan na ƙasa, don haka ki yi wa ƙyallen gefen alama a wurare huɗu, baki biyun duka, kafin ki fara haɗawa. Matashi mai da'ira kuma, kewayensa faɗinsa ne sau 3.14, wato mai santimita 40 yana cin kusan 126. Ki tsattsaga leɓen duk bayan santimita 1 zuwa 2, ki raba da'irar gida huɗu da alli don kada wani gefe ya ci wani. Idan kin je ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ki tsaya wajen dukawa ki duba bakin jakunkuna da tumtum na fata. Dabarar ɗaya ce, fata ce kawai ta maye gurbin ƙyalle.

A jikin riga

Riga ta fi matashi son hannu mai sauƙi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, igiya mai kauri ko ƙyallen roba a wuya azaba ce ga mai sawa. Ki zaɓi siririyar igiyar auduga da ƙyallen auduga. A rigar jarirai ma gara ki bar igiyar gaba ɗaya, ki ninke tsirin kawai ki bar milimita 3 ya leƙo. Layin launin yana nan, tudun ne babu.

Wuya yankakke ne a lanƙwashe, yana saurin buɗewa. Da kin yanka shi, ki bi zagayensa da ɗinki ɗaya cikin rarar, kafin ki ɗora komai. Ki haɗa kafaɗu, sannan ki ɗora fasfuwal a fuskar rigar, baki daidai da baki. A nan dokar kusurwar matashi juyewa take yi. Wuya rami ne, idan aka birkice igiyar tana komawa cikin ramin inda hanya ta fi gajarta. Saboda haka ki ɗan ja ta kaɗan yayin ɗinki, in ba haka ba za ta yi yawa ta riƙa tashi daga jiki tana lanƙwashewa. A bakin kwala da murfin aljihu kuwa, inda kwanar ke fitowa waje, sarari za ki ba ta kamar na matashi.

Bayan layi na biyu, ki ɗora shafin wuya, wato ƙyallen da zai kwanta ta cikin wuyan ya rufe rarar, fuska da fuska, ki yi na uku. Ki tsattsaga rarar a lanƙwasa, ki rage ta hawa-hawa, ta shafi ta fi gajarta, don kada kauri ya taru ya yi tudu ta waje. Sannan ki kwantar da rarar duka ta gefen shafi, ki bi kan shafin da ɗinki dab da fasfuwal. Wannan ɗinkin ba ya fitowa a fuskar riga, amma shi ke hana shafi leƙowa.

Duk inda fasfuwal zai shiga cikin wani ɗinki, kamar bakin hannu da za a rufe ta ƙasa, ko bayan wuya inda zif zai zauna, ki zaro igiyar daga ƙarshen kamar santimita 1.5 ki yanke, ki ja ƙyallen ya koma. Ƙyalle fanko ne zai shiga mahaɗar, keke ya wuce lafiya, allura ba ta karye ba.

Shadda tana da nata hali, musamman mai tsada irin Getzner ta ƙasar Ostiriya. Ramin allura ba ya ɓacewa da sauƙi a fuskarta, don haka fil ya tsaya cikin rarar ɗinki kawai, kuma ki gwada komai a guntu kafin ki taɓa rigar mutane. A kaftanin maza, siririn fasfuwal mai launin yadin, ko wanda ya ɗan fi shi duhu, a wuya da bakin aljihu da hannu, yana fitar da riga ko babu surfani. A atamfa kuma ki ɗauko launi ɗaya daga cikin zanen, wanda ya fi ƙaranci, ki nemo yadi marar zane mai wannan launin. Idan Sallah ta matso, ki yi lissafin lokaci tun wajen karɓar aiki: wuyan da ke da fasfuwal sau uku ake zagaya shi, ban da yanka da haɗa tsiri, kuma kuɗin ɗinkin ya kamata ya nuna haka.

Wajen guga, kada dutse ya hau kan igiya. Ki sa tsininsa ya bi gefenta ta sama da ta ƙasa, domin igiyar da aka danne da zafi ba ta sake tashi. Idan yadin mai sheƙi ne ki shimfiɗa farin ƙyalle a tsakani. Rigar matashi kuma a zuge zif, a birkice ta kafin wanki, a shanya a inuwa, don fasfuwal ne a waje, shi rana ke fara cin launinsa.